Wannan Suna, Wasa Ne Ko Zagi?

  A wannan mako ba girki zan koya muku ba, ko da ya ke akwai tukunya da ludayi a cikin zancen. Maganar suna ce, sunan wani wasa irin wanda yara su ke yi a cikin wayar hannu, wanda su ke kira gem. Kada wata ta ce, "Ni ina ruwana da gem, ni da ko kunna shi ban iya ba?" Ki dakata tukuna, 'yar'uwa, ki ji yadda abin ya ke.

A ƙasar Kanada, kusa da birnin Toronto, akwai wani gari da a ke kira Markham. Kusan rabin mutanen garin nan asalinsu Sinawa ne. To, a cikin wannan gari ne wani ɗan ƙaramin kamfani mai suna Big-O-Tree Games ya shirya wani wasan waya, ya raɗa masa suna Dirty Chinese Restaurant. Ma'anarsa da Hausa, Ƙazamin Gidan Abincin Sinawa. Sunan ke nan, ban ƙara ba, ban rage ba.

Mai yin wasan shi ne zai zama wani Basine wai shi Wong Fu, wanda gidan abincin ɗan'uwansa ya dawo hannunsa. Aikinsa a cikin wasan shi ne ya bi kyanwa da kare da wuƙar fawa don ya sami naman da zai dafa wa baƙi, ya tona bola ya tsinto kayan miya, ya zille wa biyan haraji, in kuma ma'aikatan shige da fice sun zo kame ya san yadda zai kuɓuce musu. Wasan bai riga ya shiga kasuwa ba, tallarsa kaɗai aka sa a YouTube. Amma a watan Satumba na 1917, a'a, na ce 2017, tallar nan ta kai idon wata mace mai suna Grace Meng, wakiliya daga New York a Majalisar Wakilai ta Amurka. Ta fito fili a Facebook ta la'anci abin, ta kuma roƙi Apple da Google kada su yarda su ɗora shi a kantunansu. Firimiyar Ontario ta lokacin, Kathleen Wynne, ita ma mace, ta ce irin wannan wariya ba ta da mazauni a lardinta. Magajin garin Markham ya bi sahu.

Masu wasan kuwa da fari ba su ja da baya ba. Suka ce ai raha ce kurum, irin ta wasannin ban dariya na talabijin da su ke so. Waɗansu mutane suka goyi bayansu, suna cewa duniya ta lalace, yanzu ba a iya yin wasa sai wani ya ce an zage shi.

Ni dai ga nawa ra'ayin, ba kwana-kwana. Ko da a ce ban ga tallar ba, ban ji zancen kyanwa da bola ba, sunan kaɗai ya isa zagi. Ki ɗauki kalmomin ki auna. Da sun ce Ƙazamin Gidan Abinci suka tsaya, da ba mai cewa uffan, gama ƙazamin gidan abinci ba ƙasar da babu shi, kuma da ni kaina zan yi dariyar mai tuwon da ta ke ɓoye tukunya in ta hango duba-gari. Da kuma sun ce Gidan Abincin Sinawa, nan ma ba laifi. Ambaton sunan al'umma ba zagi ba ne. A shekarar 2009 an fito da wani wasa mai suna Grand Theft Auto: Chinatown Wars, wanda ya ambaci unguwar Sinawa a cikin sunansa. Abin da ke cikinsa na harbe-harbe da fataucin ƙwaya bai dace da yaro ba ko kaɗan, amma sunan wuri ya faɗa, bai siffanta mutanen wurin ba. Illar tana wajen haɗin. Da ka jingina ƙazanta da sunan al'umma, ka yi musu kuɗin goro ke nan, ka ɗauki dauɗar mutum guda ka shafa wa kowa, har jaririn da ke goye.

Kuma ki lura, wasa sai wanda ya saye shi ya ke ganin cikinsa, amma suna kowa ya ke gani. Yaron da ke neman wasan ƙwallo a waya zai wuce ta kansa ya karanta. Gobe ya tafi makaranta, ga 'yar mai gidan abinci a benci ɗaya da shi. Me ki ke tsammani zai kira ta?

Masu cewa raha ce, ai mu ba za a koya mana raha ba. Bafulatani da Babarbare in sun gamu, kowa ya san ba a rabuwa sai an yi wa juna tas. Haka Kanawa da Zagezagi, haka Gobirawa da Yarbawa, balle taubasai, balle kaka da jika. Wata maganar da za ki ji taubashi ya gaya wa taubashiyarsa, in bare ne ya faɗe ta sai an je gaban mai unguwa. Amma me ya sa ba a fushi? Domin kowa ya san abokin wasansa, ido na ganin ido, ka faɗa mini ɗaya in rama biyu, in watan cika-ciki ya zo a biya kuɗin shara, in mutuwa ta faɗo ko wuta ta kama abokin wasan nan shi ne farkon zuwa. Wasa yana da mai bayarwa da mai ramawa. To, a cikin wannan gem, ta ina Basiniyar da ke tsaye gaban murhu tun asuba za ta rama? Wa ya tambaye ta ko ta yarda a yi wasan da ita? Ita dai a yi dariya, a karɓi kuɗi, a bar ta da sunan.

Sa'an nan ga wani abu da ya sa na ƙi yarda da cewa kuskure ne. Sunan kamfanin kansa, Big-O-Tree, in an faɗe shi da sauri yana fita daidai da kalmar Ingilishi mai nufin ƙin jinin wanda ba irinka ba. Wanda ya zauna ya ƙago wannan ya san inda ya dosa.

Yanzu bari in kai ku baya, don sai an san mafarin ciwo a ke gane dalilin da ya sa mai shi ya ke ihu in an taɓa.

Tsakanin 1881 da 1885 aka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa wadda ta ratsa duwatsun yammacin Kanada. Leburori Sinawa wajen 15,000 suka yi aikin nan, su a ke ba wuraren da suka fi hatsari, ladansu kuwa bai kai na Turawa ba, da yawa kuma a can suka bar ransu. A shekarar da aka gama aiki, watau 1885, sai gwamnati ta aza wa kowane Basine mai son shigowa ƙasar harajin kai na dala 50. A 1900 aka mai da shi dala 100, a 1903 aka ɗaga shi zuwa dala 500, kimanin ladan lebura na shekara 2. Ba wata al'umma da aka aza wa wannan sai su. Mutum wajen 81,000 suka biya. Da aka ga haraji bai hana su ba, ran 1 ga Yuli 1923 aka rufe ƙofa gaba ɗaya, ba a buɗe ba sai 1947.

Ku yi tunanin matan, 'yan'uwa. Miji ya tafi neman abinci, kuɗin da zai kawo matarsa ya fi ƙarfinsa, daga baya ma doka ta hana. Shekara 24 ƙofa a rufe. Amarya ta tsufa a gidan surukai tana jiran takarda, ɗa ya yi gemu bai san fuskar ubansa ba. Sai a watan Yuni na 2006 Firayim Minista Stephen Harper ya tashi a majalisa ya roƙi gafara, aka ba waɗanda suka biya harajin da ke da sauran rai, da matan waɗanda suka mutu, dala 20,000 kowane. A lokacin kuwa 'yan kaɗan ne suka rage.

To, me ya haɗa wannan da gidan abinci? Ai shi ne tushen. An toshe musu yawancin hanyoyin neman abinci. A lardin British Columbia an hana su jefa ƙuri'a, wanda kuwa ba sunansa a takardar masu ƙuri'a ba ya zama lauya ko mai haɗa magani. Abin da ya rage musu shi ne aikin da mazan Turawa su ke rainawa, su ke cewa na mata ne: wanki da guga, da dafa abinci. Shi ya sa har yau da wuya ki shiga ɗan ƙaramin gari a filayen Kanada ba ki tarar da gidan abincin Sinawa ba. Ba wai sun fi kowa son tukunya ba ne, ita ce kaɗai ƙofar da aka bari.

Nan ɗin ma ba a ƙyale su ba. A 1912 lardin Saskatchewan ya yi doka wadda ta hana Basine ɗaukar Baturiya aiki a gidan abincinsa ko wurin wankinsa, wai don tsare mutuncinta. Wani mai gidan abinci a garin Moose Jaw, sunansa Quong Wing, wanda ya riga ya zama ɗan ƙasa bisa doka, aka kama shi don ya ɗauki mata 2 aikin kai abinci, aka ci shi tara. Ya ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli ta Kanada, a 1914 kotu ta ce dokar tana nan daram. Can Amurka kuwa, inda aka yi tasu dokar hana Sinawa shiga tun 1882, har wata tallar maganin ɓera aka buga da hoton Basine ya ɗaga ɓera zai kai baki. Kun gani ke nan, zancen wai Sinawa ƙazamai ne masu ciyar da mutane abin ƙyama ba 'yan Markham suka ƙago shi ba. Tsohon makami ne, ya fi shekara 100, an sha amfani da shi don a kashe musu kasuwa a kore su. Su dai sun tono shi ne suka goge, suka ce sabon abin dariya ne.

Mu mata mun fi kowa sanin abin da kalmar ƙazanta ta ke yi wa mai sana'ar abinci. Sa'ad da na ke yarinya akwai wata baiwar Allah a unguwarmu, mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya, da waina ta ke riƙe da su. Tandarta fes, ƙullunta a rufe, ni shaida ce don ni a ke aike. Wata rana wata ta ce wai ta ga abu a cikin miyarta. Ba wanda ya tambayi ko mene ne, ba wanda ya gani da idonsa. Yara suka ɗauka suka mai da shi abin tsokana, duk inda 'yarta ta bi da tire sai a bi ta da shi. Kafin wata ya zagayo tanda ta huce. Ba a kai ta gaban alƙali ba, duba-gari bai kama ta da kome ba, suna kaɗai aka sa mata. Yaran nan kuwa in kin tambaye su, wallahi wasa su ke yi.

Ga wani misali wanda ya shigo har cikin madafinmu. Kun san farin magi, wanda mu ke kira Ajino. Wani malamin kimiyya na Japan mai suna Kikunae Ikeda ne ya gano shi a 1908 daga wani ganyen teku da su ke yin romo da shi, aka fara sayar da shi a 1909. Sinadarin da ke ba shi ɗanɗano yana nan a cikin tumatir, da busasshen kifi, har da daddawarmu. A 1968 wani likita a Amurka, Robert Ho Man Kwok, shi ma Basine, ya rubuta wa wata mujallar likitoci 'yar wasiƙa, ya ce ya kan ji kasala da bugun zuciya in ya ci abinci a waɗansu gidajen abincin Sinawa, yana tambaya ko gishiri ne, ko giyar da a ke sawa a girki, ko kuwa farin magi. Tambaya ce ta neman sani. Amma kan maganar da aka ɗora wa wasiƙar shi ne Ciwon Gidan Abincin Sinawa. Shi ke nan, suna ya kama. Kamfanonin Amurka suna zuba sinadarin nan a miyar gwangwani da soyayyen dankalin leda, ba wanda ya ce ciwon gwangwani. Masu bincike suka yi ta gwaji, a ba mutum abin ba tare da ya san ko shi ne ko ba shi ba ne, ba su sami tabbacin cewa gwargwadon da a ke sawa a abinci yana jawo wannan ciwo ba. Duk da haka sai da masu gidajen abinci suka riƙa manna takarda a taga suna rantsuwa ba sa amfani da shi. Sai a 2020 ƙamus na Merriam-Webster ya gyara bayaninsa, ya nuna sunan tsohon yayi ne kuma yana ɓata rai. Shekara 52 ke nan, saboda kan magana guda.

A shekarar 2020 ɗin nan kuma, da aka fara jin labarin cutar korona, gidajen abincin Sinawa a biranen Amurka da Kanada suka wayi gari ba masu ciniki, tun kafin cutar ta bazu a garuruwan. Wa ya koya wa mutane gudunsu? Ba a dare ɗaya aka koya ba.

Kada kuma ki ɗauka abin a kan Sinawa kaɗai ya ke tsayawa. Mai ƙiyayya ba ya tsayawa tambayar wane ne Basine, wane ne mutumin Japan ko Koriya, shi dai fuska ya ke gani. A 1982, a wajen birnin Detroit, wani ma'aikacin kamfanin mota da agolansa suka doke wani saurayi Basine mai suna Vincent Chin da kulki har ya mutu, ana saura 'yan kwanaki a ɗaura masa aure. Haushin motocin Japan da suka kashe musu kasuwa suka huce a kansa. Hukuncinsu, tarar dala 3,000 da ɗaurin talala na shekara 3. Ban ce wasan waya ne ya ke kashe mutum ba. Amma wanda aka saba yi wa dariya a matsayin abin ƙyama, ranar da aka taɓa shi ba a cika jin zafi ba.

Na san wata za ta ce, "To ai gaskiya ne, suna cin kare." Akwai wuraren da a ke ci a ƙasar Sin, ba a musu. Akwai kuma Sinawa masu ɗimbin yawa da ba su taɓa ci ba, suna ma yaƙi da abin, har birnin Shenzhen ya hana cin kare da kyanwa a 2020. A ƙasarmu ma akwai inda a ke ci. In wani a Turai ya yi wasa ya sa masa sunan ƙasarmu duka a kan wannan, za ki yarda?

Wata kuma za ta ce, kuma wannan ita ce maganar da ta fi nauyi, "Su fa, me su ke yi mana?" Ban manta ba. A watan Afrilu na 2020, a birnin Guangzhou inda 'yan kasuwarmu su ke zuwa saro kaya, an fitar da baƙaƙen fata daga gidajen haya da masaukai bisa zargin wai su ke yaɗa korona, waɗansu suka kwana a titi. Wani gidan abinci na McDonald's a can ya kafa sanarwa cewa baƙar fata ba zai shiga ba, daga baya kamfanin ya roƙi gafara. Shugaban Majalisar Wakilai ta Nijeriya na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa ɓacin rai. Akwai kuma wani man goge baƙi da ya yi shekaru yana ciniki a ƙasashen Asiya da suna Darkie, kalmar raini ga baƙar fata, da hoton baƙin mutum yana washe haƙora. A 1989 aka sauya harafi guda ya koma Darlie, amma da harshen Sinanci ya ci gaba da amsa sunan Man Haƙoran Baƙin Mutum har zuwa 2022.

To, ki tuna yadda ki ka ji a ranki yanzu da ki ka karanta wannan. Mai man nan ma cewa zai yi ba da mugun nufi ba ne, suna ne kurum, yabon farin haƙoranmu ma ya ke yi. Mun karɓa? Ba mu karɓa ba, kuma muna da gaskiya. Abin da aka yi wa 'yan'uwanmu a Guangzhou shi ne dai a ɗauki cuta da dauɗa a jingina wa launin fata. In mun ƙi shi a can, ban ga yadda za mu tafa masa a Markham ba. Tsohuwar da ke yanka albasa a bayan kanti a Toronto ba ita ta kori kowa daga masauki ba.

Game da masu kukan an hana mutane faɗin albarkacin bakinsu, ni ma ba na son a riƙa rufe wa mutane baki da doka, don mun san inda wannan ya kan kai. Amma a nan ba ɗan sanda ya zo ba, ba a kai kowa kotu ba. Sun faɗi tasu, waɗanda aka zaga suka faɗi tasu, aka kuma roƙi masu kanti kada su karɓi kayan. Mai tebur a kasuwa ma tana da ikon ta ce wannan haja ba za ta hau teburina ba.

A farkon watan Oktoba na 2017, bayan 'yan kwanaki ana ta ce-ce-ku-ce, kamfanin ya ba da sanarwa cewa ya fasa fito da wasan. Suka roƙi gafarar Sinawa, suka ce ba su yi da niyyar cutar da kowa ba, suka kuma ce za su kwashe tallarsa daga inda suka sa. Roƙon gafara dai abu ne mai kyau, ba na raina shi. Zancen niyya kuwa, wanda ya zaɓi wancan suna ga kamfaninsa, sai dai in bar shi da Allah.